Motar da Ba a Turawa

Duk wanda ya tashi a garuruwan bakin gulbin Rima ya san abu ɗaya game da mota tun kafin ya san sunan ko da ƙarfe ɗaya na cikinta: in ta ƙi tashi, turawa ake yi. Direba ya sa ta a giya ta biyu ya danne kuloci, yara da 'yan kamasho da duk wanda ƙafa ta kawo su kama bayanta, in ta ɗauki gudu ya saki ƙafa, ta yi tari sau ɗaya ko biyu ta kama. Batir ya mutu ko sitata ta ƙi, ba a fasa tafiya. Yau kuwa da yawa daga cikin motocin gida da ke shiga Kagara da Goronyo da Wurno da Rabah, ko kasuwa guda za ta taru ta tura su ba za su tashi ba, domin masu giyar otomatik ne. A irinsu mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, man kuma ba ya aiki sai famfonsa na juyawa, famfon kuwa inji ke juya shi. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa mu waiwayi shekara hamsin na zaman mota a gabashin Sakkwato, musamman saboda mutumin da giyarsa ta mutu, yake shawarar ya sayo tsohon giyabos ya kira makaniken gari su ɗora shi a ƙofar gida. A ganina aikin yana yiwuwa, sau da yawa ma da hujjarsa. Sai dai wanda ya ɗauke shi irin aikin da aka saba yi wa Fijo zai biya kuɗi sau biyu, saboda wahalar mota ta bar wurin kwancewa da ɗaurewa, ta koma wurin gane abin da ya lalace da sanin abin da ya dace da shi.

A 1975 kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna, gwamnatoci kuma suka mayar da Fijo motar hukuma. Ita ce ta ofis, ita ce ta asibiti, ita ce ta 'yan sanda, in ta tsufa kuma ta faɗo hannun 'yan haya. A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, 504 da buɗaɗɗiyar nan da ake kira a-kori-kura su ne suka cika tasha, da 'yan Datsun da Toyota da Volkswagen a gefe. Mutane kan yi wa makanikan wancan zamani kirari da cewa suna gane ciwon mota da kunne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Amma ya kamata mu tambayi inda kunnen ya samo wannan kaifi. Yaron da ya yi shekara biyar ko shida a hannun maigidansa a gareji, mota iri ɗaya ya yi ta gani, giyabos iri ɗaya ya yi ta wankewa da fetur a cikin tasa, har ya haddace kowane haƙori da kowane boris. Kayan gyara kuwa ba sai an je nesa ba, abin da aka cire daga motar likita zai shiga ta direban tasha. Saninsu ya yi zurfi ne domin fagensa ƙarami ne, kuma ƙasar ce da kanta ta taƙaita fagen da ta zaɓi mota ɗaya.

Ita kanta giyar manuwal mai sauƙin kai ce. Haƙora ne na ƙarfe a kan sanduna, suna wanka cikin mai mai kauri wanda ba shi da wani aiki sai sa santsi. In farantin kuloci ya cinye, direba yakan ji tun da wuri, inji na ihu mota ba ta tafiya, ya lallaɓa ya kai ta gida. In giya ɗaya ta ƙi shiga sai ya tsallake ta. Ciwonta a fili yake, ana gani da ido, ana taɓawa da hannu, ana kuma canza ƙarfe ɗaya a bar sauran. Shi ya sa kalmar gyara ta dace da sana'ar a lokacin.

Yadda otomatik ta zo mana kuwa ba shawara aka yi aka zaɓe ta ba. A Satumban 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai. Daga tashoshin ruwa irin su Antwerp ake loda su, abin da ya sa har gobe duk wani abu da aka yi amfani da shi a waje muke ce masa ɗan Beljiyom. A lokacin da yawa ta Kwatano suke sauka, su bi ta Nijar su faɗo ta iyakokinmu, Ƙonni da Illela kuwa a bakin ƙofar Sakkwato suke. Turawan wancan lokaci masu son giyar hannu ne, saboda haka Golf da Opel da 406 da suka biyo bayan 504 ba su tayar wa makanike da hankali sosai ba. Abin ya juya ne da dillalai suka karkata ga Amurka, ƙasar da ta fara sayar da otomatik ga kowa da kowa tun 1940 a motocin Oldsmobile, kuma inda direbobi da yawa ba su taɓa taka kuloci ba. Camry da Corolla da Accord da Sienna da Highlander da ke fitowa daga can kusan duk otomatik ne, wasunsu ma daga wuraren gwanjon motocin haɗari da na ambaliya aka sayo su. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya karɓa. Jiragen sun kawo motocin, amma ba su kawo littafin gyaransu ko tarihin abin da ya same su ba. Makaniken da ya ƙware a mota ɗaya ya wayi gari da iri ashirin a gabansa, kowace da shekararta da ƙasar da aka yi ta dominta.

Manomin rani zai fi kowa saurin fahimtar cikin wannan giya, domin aikin ban-ruwa ne ake yi da mai. Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife aka liƙe, kanikawa na ce masa konbata. A cikinsa fanka biyu ne ke fuskantar juna, ta gefen inji ta watsa mai, man ya juya ta gefen giya. Bayansa akwai famfo da ke tura mai da ƙarfi cikin wani allon ƙarfe mai ƙananan hanyoyi, kamar magudanar da ke raba ruwa fangali-fangali, da 'yan ƙofofi masu aiki da lantarki da ƙwaƙwalwar mota ke buɗewa da rufewa. Duk inda man ya nufa sai ya matse wasu siraran faranta masu rufi kamar takarda, waɗanda ake kira faiba, matsewarsu ce shigar giya. Man nan shi ne ƙafar direba, shi ne hannunsa, shi ke sanyaya ƙarfe, shi ke sa santsi. To a dubi abin da yankinmu ke yi masa. Zafin bazara yakan haura digiri 40, ga motar da aka yi don mutum biyar an danna mata buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Wurno da Goronyo. In ta kafe a yashi, direba ya yi ta jefa ta gaba da baya yana taka totur, faiba na ƙonewa bai sani ba. Da damina a ratsa ruwa da ita, ruwan ya shiga ta 'yar kafar shan iskar giyabos, kuma wanda ya tuna ambaliyar 2010 ya san yadda Rima ke yi in ta tashi. Akwai kuma kisan mummuƙe da ba a lura da shi: a motoci da yawa man giya yana bi ta cikin lagireto ne don ya huce, in an daɗe ana zuba wa lagireto ruwan rijiya tsatsa ta huda bututun, sai ruwa ya gauraya da mai ya koma kamar kunun gyaɗa, rufin faiba kuma ya saɓule.

Da otomatik ta yawaita, sai harshen gareji ya sauya. An daina jin “za mu buɗe mu gani”, aka koma “giya ta tafi, Alhaji, sai dai a sayo wata”. Ba na zargin makanike da lalaci a nan. Buɗe irin wannan giyabos na son ɗaki mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe hanyar mai, shi kuwa a ƙarƙashin dalbejiya yake aiki, iskar hunturu na kaɗo masa ƙura. Yana son ma'auni masu auna tazarar da ido ba ya gani, da cikakken saitin faiba da robobi na ainihi. Da babu waɗannan, canji ya fi gyara hankali. Haka kasuwar giyabos ɗan Beljiyom ta bunƙasa, daga Ladipo a Legas zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, har ta iso shagunan birnin Sakkwato. Amma cinikin biri a sama ne. Inji ana iya duba shi a ji matsin silindarsa, giyabos ɗin otomatik kuwa ba ya faɗin gaskiya sai an ɗora shi a mota ya yi zafi. Ɗan kasuwa yakan ba da 'yan kwanaki na gwaji, waɗanda ga mutumin Kagara rabinsu kan ƙare a hanya. Farashi kuma dala yake bi. Nairar da kafin 1986 take kafaɗa da kafaɗa da dala ta wuce 1,500 kan dala ɗaya a 2024. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, da rufe iyaka a 2019, da sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk sun ƙara wa ƙarfen mota tsada a wannan kusurwa da ta saba da hanyar Ƙonni.

Saboda haka ba wauta ba ce mai mota ya ce a yi aikin a gida. Da farko dai kai motar birni kanta matsala ce. Abin da aka saba shi ne a ɗaura igiya wata mota ta ja, amma in an ja otomatik tafiya mai nisa tayoyinta na ƙasa inji a kashe, cikin giyabos na juyawa famfo ba ya ba shi mai, abin da ya rage da rai ma sai ya ƙarasa. Sai an ɗora ta a bayan babbar mota, wannan kuma wani kuɗi ne. Ga halin da hanyoyin Goronyo da Rabah da Sabon Birni suka shiga a shekarun nan na 'yan bindiga, inda ba wanda ke son yamma ta riske shi da mataccen ƙarfe a daji. Ga zaman jinya a birni, mota a gareji mai ita na kwana gidan dangi, aikin gona na jira. Sannan aikin ƙarfin ba wani sihiri ba ne. A cire kan batir, a ɗaga mota a tokare ta da abin da ba zai zame ba, kada a yarda da jak shi kaɗai. A tsiyaye mai, a zare shaf biyu na tayoyin gaba, a cire sitata da wayoyi da bututun mai, a kwance kusoshin da suka haɗa konbata da farantin inji ɗaya bayan ɗaya ana juya injin da hannu, a tallafe inji kada ya rataya, a saki mawuntin, a sauke giyabos. Nauyinsa ya kai na babban mutum, yana son hannu uku ko huɗu, amma wanda ya taɓa sauke na manuwal ba zai ga baƙon abu ba. Makaniken gari da yaransa za su iya gamawa cikin yini ɗaya ko biyu.

Inda ake faɗuwa wurare ne da ba sa bukatar ƙarfi ko kaɗan. Wanda ya saba da manuwal hannunsa zai kai shi ga ɗaure konbata a jikin inji tukuna, kamar yadda ake yi wa kuloci, sannan ya turo giyabos ya matse da kusoshi. Wannan kuskure ɗaya yakan fasa famfo tun mota ba ta tashi ba. Konbata a cikin giyabos ake fara zaunar da shi, ana juyawa ana turawa har a ji ya faɗa mataki biyu ko uku ya zauna daram, kuma in giyabos bai haɗu da inji da kansa ba, ba a jawo shi da sifana. Sai maganar bututun da ke zuwa lagireto. Giyar da ta ƙone takan bar garin faiba da na ƙarfe a cikinsu, in ba a wanke su ba, ko ba a canza lagireton da ya huje ba, dattin da ya kashe tsohuwar giya shi zai shiga sabuwa a ranar farko. Bayan mako biyu sai a ce ɗan kasuwa ya cuci mutum, alhali a ƙofar gida aka kashe ta. Robobin da ke tare mai a bakin shaf da na konbata ba su da tsada, amma in an yi ƙyashin canza su sai an sake sauke komai. Akwai kuma dacewa. Camry mai silinda huɗu ta 2003 giya huɗu gare ta, ta 2007 kuma biyar, ƙwaƙwalwar kowace da nata take magana, shi ya sa kanikawa ke ƙirga allurorin soket kafin su biya kuɗi. Ƙirgar ma ba ta wadatar ba, sai an duba lambar da ke jikin giyabos an gwada da lambar shasi mai harafi da alƙalami 17. Na ƙarshe shi ne mai. A idon mai saye duk jan mai ɗaya ne, alhali jan rini ne kawai aka sa. Dexron daban, T-IV daban, WS daban, na Honda daban, ga na jabu a cikin robar asali. Wasu motocin ma ba su da sandar duba mai, sai an auna shi ta wata kusa a ƙasa lokacin da ya kai wani zafi.

Duk wannan ma bayan an tabbatar giyar ce ta mutu, abin da ba kullum yake zama gaskiya ba, kuma a nan ne na fi ganin asarar mutane. Mota takan maƙale a giya ɗaya ta ƙi sauyawa saboda ƙwaƙwalwarta ta daina samun labarin gudu daga wata 'yar na'ura, sai ta kulle kanta don kariya. Ɓera ya ci waya, soket ya sha ruwa, batir ya yi rauni, mai ya ragu ta wata 'yar ɗiga, ɗaya daga cikin ƙofofin lantarkin nan ta maƙale, kowanne cikinsu na iya sa mota ta yi abin da makanike zai rantse giya ta tafi. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura a tambaye ta abin da ke damunta. Ƙaramar na'urar da ke aiki da wayar hannu ba ta kai kuɗin buhun albasa ba, ko da yake masu arahar ba komai suke karantawa ba. Ko ba na'ura, launin mai da warinsa, da abin da aka tarar a jikin maganaɗisun kaskon ƙasa, sun isa su bambance giyar da ta ƙone da wadda aka yi wa ƙazafi. Mutumin da ya sayar da sa ya sayo giyabos, ya ɗora ya ga mota na yin abin da take yi jiya, waya ce ta cinye masa sa.

Za a ce, ai maganar gajera ce: otomatik ba motar ƙauye ba ce, a mayar da ita manuwal a huta. Masu wannan magana suna da shaida, domin mafi yawan direbobin haya da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Achida da Goronyo sun riƙe Golf da Sharon masu kuloci, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da hanya ke ci. Ga wanda sana'arsa lodi ce da shiga yashi, ina tare da su. Amma shawara ce ta ranar saye, ba ta ranar da giya ta mutu ba. Juyar da mota na son giyabos da filawul da kuloci da feda da sandar giya da shaf da mawuntin, a kuma san yadda za a yi da ƙwaƙwalwar da za ta ci gaba da neman giyar da babu. A motar da kamfani ya yi ta iri biyu, kamar Corolla ko Golf, ana iya samun kayan da suka dace. Sienna da Highlander kuwa ba a taɓa yin su da kuloci ba, duk abin da aka ɗora musu ƙirar walda ce, ranar sayarwa kuma dillali zai karya farashi. Akwai abin da ya fi wannan. Rijiyar da muke ɗiban manuwal daga cikinta tana ƙafewa. A Ingila tun 2020 sababbin motoci masu otomatik suka rinjayi masu kuloci a kasuwa, sauran Turai ma ta bi wannan hanya, mu kuwa abin da suka saya yau shi muke hawa bayan shekara goma ko sha biyar.

Wasu kuma za su ce a bar wa ƙwararrun birni, ƙauye ba zai taɓa iya wannan ba. Rabin maganar gaskiya ne: buɗe cikin giyabos a gyara, da motocin da sai an sake saita ƙwaƙwalwarsu da kwamfuta bayan canji, aikin birni ne, wanda ya ƙi yarda zai gani. Amma cewa mutanen nan ba za su iya koyon sabon ƙarfe ba, fadamar da kanta ta ƙaryata. Ƙaramin injin ban-ruwa baƙo ne a kwarin Rima shekaru arba'in da suka wuce, yau saurayi zai kwance shi a bakin gona ya canza zobe ya mayar kafin rana ta take. Baburan Indiya da na Sin haka, har da roba-roba da ba ta da hannun kuloci, wadda kulocinta ke kama kansa da gudun inji, ba wanda ya ce ba ta ƙauye ba ce. A kasuwar Goronyo akwai masu gyaran waya da ke aiki da awon lantarki da zanen da suka sauko da shi daga intanet, abin da ya fi wayoyin giya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ya haɗa waɗannan duka da tsohuwar Fijo shi ne yawa da kama da juna. Duk ƙarfen da ya yawaita iri ɗaya, gari yakan haddace shi. Motocin Beljiyom ba su ba mu wannan dama ba, saboda haka haddar ba za ta wadatar ba sai an haɗa da karatu, ko da na lambar da na'ura ta nuna ne a nemi ma'anarta a waya. Yaron gareji da ya yi sakandare ya fi maigidansa kusa da wannan, abin da ba kowane maigida ke son ji ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana nan a Sakkwato, ƙungiyar kanikawa ta NATA ma tana nan, tazarar da ke tsakaninsu da rumfar makaniken Rabah ba ta kai wadda ke tsakanin Kakuri da Faransa a 1975 ba.

Dole kuma a yi wa zamanin da adalci, kada kewa ta rufe mana ido. Fijo na cin kuloci, tana zubar da mai, turawar da muke tunawa da murmushi ma alama ce ta batir da sitatar da ba a iya saye. Otomatik ɗin da aka kula da manta, ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, takan yi shekaru ba a taɓa ta ba, wasu har motar ta ruɓe giyar na nan. Ta kuma buɗe sitiyari ga mutanen da kuloci ya kora: dattijo mai ciwon gwiwa, wanda shan-inna ya taɓa masa ƙafar hagu, malamar asibiti ko ta makaranta da ke zirga-zirga tsakanin Wurno da birni. Canza giyabos gaba ɗaya maimakon buɗe shi ma ba gazawarmu ce mu kaɗai ba, a Amurkar ma garejin unguwa yakan sauke ya ɗora wani ne, ya aika tsohon ga masu sana'ar sabunta shi. Bambancin shi ne can tsohon yana komawa masana'anta ya dawo da garanti, a nan kuwa yakan ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan, ko ya zama abin zama a bakin gareji, alhali wataƙila abin da ya mutu a cikinsa bai wuce faiba shida da roba biyu ba.

Motocin da ke tafe kuma sun ƙara nisa da abin da aka sani. Tun daga ƙirar 2014 mafi yawan Corolla na Amurka sun koma wata giya da ake kira CVT, wadda ba ta da matakai ko kaɗan, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa. Ba ta son lodi, ba ta son a yi ta fizgarta a yashi, kuma manta nata ne ita kaɗai. Irinsu sun riga sun kai shekarun da dillalanmu ke saye, sun fara tsayawa a wuraren sayar da motoci na Sakkwato da Kano, sandar giyarsu da haruffanta ba su da bambanci da na Corollar da aka sani. Jan man da ke kan teburin mai shago a bakin tasha, wanda ake zuba wa giya da sitiyari duka daga roba ɗaya, in ya shiga cikinta bel ɗin zai fara zamewa yana goge ƙafafun, ba kuwa lallai direba ya ji komai ba a makon farko.